Ruwa, Hayaƙi da Numfashi: Sana'ar 'Yan Kwana-Kwana a Dutsin-Ma da Kurfi

Da zarar an kammala girbi a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, gidan kowane manomi cike yake da abin da wuta ke so. Harawa a saman rufi da cikin rassan bedi, karan dawa a tsaye bayan katanga, damman gero a rumbu, sabon danni, sabuwar zana. Iskar hunturu kuma ta busar da komai ƙayau. A wannan lokaci ne tsohuwa ke kwana da kaskon garwashi a ɗaki, almajirai su haɗa kara a bakin zaure suna jin ɗumi, yara masu farautar gafiya su cinna wa ciyawa wuta su yi gaba abinsu. Wannan gobara tsohuwa ce. Kakanninmu sun san ta, sun kuma san yadda ake tarar ta: a yi kururuwa, mata su miƙo ruwan randa, maza su watsa ƙasa su bugi harshen wutar da ɗanyen reshe, wani mai hangen nesa ya ture dannin maƙwabci tun ba ta iso can ba.

Akwai kuma wadda ba su sani ba. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ta riga ta, garin ya cika da ɗakunan haya na ɗalibai da ma'aikata. Leƙa ɗaya daga ciki ka gani: katifar soso, labulen roba, kafet, ƙaramar tukunyar gas a lungu, hita a cikin bokiti wadda aka manta ba a zare ba da aka ɗauke wuta, sai a dawo da ita tsakar dare kowa na barci. A bayan ɗaki ga janareta da galan ɗin fetur, a kan kwano ga faifan sola, a ƙarƙashin tebur ga batir. Cibiyar gwaje-gwaje ta UL a Amurka ta taɓa cinna wa ɗakuna biyu wuta don ta ga bambanci. Ɗakin da aka cika da kayan da, na katako da auduga, ya ɗauki kusan minti 30 kafin ya kama gaba ɗaya. Mai kayan zamani na soso da roba bai kai minti 5 ba. Ke nan lokacin da mutum yake da shi na fita da ransa ya ragu ƙwarai, alhali hanyar da motar kwana-kwana za ta biyo ba ta ragu ko da taku ɗaya ba.

Maganar da aka fi ji a bakin jama'a game da 'yan kwana-kwana guda biyu ce: "sai da ta cinye suka zo," da kuma "sun zo ba ruwa." A garuruwa da dama na ƙasar nan har jifan motarsu akan yi, a fasa gilashi, a raunata direba. Ina ganin zafin zuciyar wanda dukiyarsa ke ci a gaban idonsa abin a tausaya ne, amma yawancin wannan zargi ya samo asali ne daga rashin sanin yadda aikin yake.

A ɗauki maganar ruwa. Motar da ke ɗauke da lita 5,000, idan aka buɗe mesa ɗaya mai fitar da lita 500 a minti, cikin minti 10 tankinta ya ƙare. Idan mesa biyu ce, minti 5. Wanda ya iso wurin bayan minti goma sha biyar ya tarar ana naɗe mesa, shi zai rantse cewa fanko suka zo. A ƙasashen da aka shirya wa abin, ruwan cikin mota na fara aiki ne kawai kafin a jona da famfon gobara na bakin titi. Mu galibin garuruwanmu ba su da irin waɗannan famfuna masu aiki, don haka dole motar ta juya ta je ɗebo wani, wutar kuwa ba ta jira. Abin takaicin shi ne ruwa bai yi wa Dutsin-Ma nisa ba. Madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, tana iya riƙe ruwa sama da mita-kubik miliyan 170, kuma a Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya ƙaddamar da aikin ruwan sha na yankin daga gare ta. Sai dai ruwan da ke kwance a dam ba shi ne ruwan da ke bakin mesa ba.

Sai maganar lokaci. Daga Katsina zuwa Dutsin-Ma kusan kilomita 60 ne, Kurfi na kan hanya tsakaninsu. Daga titin kwalta kuma ƙauyuka suka warwatsu: Birchi, Tsauri, Wurma, Rawayau, Barkiya a ɓangaren Kurfi, Karofi, Makera, Shema, Kuki, Dabawa a ɓangaren Dutsin-Ma. Mota mai ɗauke da tan biyar na ruwa ba ta gudun ƙaramar mota, balle a kan burji ko yashi, kuma idan direba ya sha kwana da ƙarfi ruwan kan tunkuɗa gefe guda ya nemi kifar da ita. Da dare kuma ga halin tsaro da yankin ya shiga a shekarun nan, wanda ya sa kowace fita bayan gari sai an yi tunani. A kan duk wannan, mu kanmu ba mu kira da wuri. Sai bokiti ya gaza, sai 'yan ga-ruwa sun juye kurarsu, sannan wani ya tuna ya ce a nemo lambar 'yan kwana-kwana, a shiga tambayar wa ke da ita.

Aikin yini na ɗan kwana-kwana yana farawa ne tun babu gobara. Idan masu karɓar aiki suka iso da safe, akan tayar da mota a saurari ƙarar inji, a duba mai da batir da taya, a hau sama a leƙa tanki. A kunna injin tura ruwa a ga ko yana ja. A warware mesa a bi ta da ido da hannu, domin ƙaramar huda a jikinta kan zama tsaga idan ruwa ya taho da ƙarfi. A duba bakin haɗi, a tabbata robar ciki ba ta bushe ta tsattsage ba. Gatari, ƙarfen ɓalle ƙofa, almakashin yanke kwaɗo, tsani, igiya, kowanne a mazauninsa, yadda ko cikin duhu hannu zai kai gare shi. Naɗin mesa kansa ilimi ne: wadda aka naɗe daidai, jifa ɗaya za ta miƙe a ƙasa, wadda aka naɗe da ganganci za ta harɗe a lokacin da ba a da ko daƙiƙa ɗaya ta ɓatawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma rabin wannan sana'a fafe gora ne a ranakun da ba wanda ke kallo.

Idan aka isa wurin gobara, abin da ya fi fusata jama'a shi ne ganin shugaban ayari ya sauko bai ce a buɗe ruwa nan take ba, ya kama zagaya gida yana tambaya. "Baba, akwai mutum a ciki?" "An yanke wutar lantarki?" "Alhaji, don Allah faɗa mana gaskiya, me ka ajiye a shagon nan?" Waɗannan tambayoyi uku su ke raba aikin da za a yi. In akwai rai a ciki, komai sai ya jira. In ba a yanke lantarki ba, ruwan mesa zai iya ɗauko wutar ya kawo ta hannun mai riƙe da ita. Faifan sola kuwa muddin rana na dukansa yana bayar da wuta ko an kashe komai na gidan. Tambaya ta uku ita ce mai wuya, don wanda ya ɓoye jarkokin fetur a bayan buhunan masara ba ya son faɗa a gaban mutane, kuma shirunsa kan jawo wa wani rasa fuska ko rai.

Yana zagayawa yana karanta hayaƙi. Fari mai tashi a hankali yawanci ciyawa ce ko abu mai danshi. Baƙi ƙirin mai kauri, mai fitowa da ƙarfi yana murɗawa, roba ce ko mai, kuma zafin ciki ya kai matuƙa. Wanda ya fi ba gwani tsoro shi ne ɗakin da yake a rufe, ba a ganin harshen wuta, gilashin taga ya yi baƙi, hayaƙi na fitowa ta ƙasan ƙofa yana komawa ciki. Wutar ta cinye iskar ɗakin ne ta lafa, abin da take jira kawai a buɗe mata. Matashi mai zuciya zai zo da gudu ya doki ƙofar da ƙafa, iska ta faɗa ciki, ɗakin ya yi bindiga ya watso wuta waje. Shi ya sa za ka ga ma'aikaci ya durƙusa gefen ƙofa, ya taɓa ta da bayan hannu, ya jira abokinsa ya daidaita mesa, sannan a buɗe kaɗan. Mai kallo daga nesa zai ce tsoro ne. Shekarun koyo ne.

A ciki ma ba a tsaye ake tafiya ba. Zafi da hayaƙi sama suke taruwa, kusa da silin zafin kan haura digiri 500, kuma idan ya kai wajen 600 duk abin da ke ɗakin kan kama lokaci guda. Don haka a durƙushe ake shiga, ana harba ruwa sama kaɗan-kaɗan don a sanyaya hayaƙin. Ba a sakin ruwan barkatai, domin lita ɗaya idan ta zama tururi tana kumbura kusan sau 1,700, tururin kuma ya sauko ya dafa wanda ya watsa shi ta wuya da kunne da wuyan hannu. Mutum ɗaya ba ya shiga shi kaɗai, kuma ba a sakin mesa, don idan ido ya daina gani ita ce hanyar komawa ƙofa.

Gine-ginenmu suna da nasu halin da littafin horo na Turai bai sani ba. A tsofaffin unguwanni, rufin soro ƙasa ce a kan azara. Wuta na cin azara daga ƙasa, ruwan mesa na jiƙa ƙasar daga sama tana ƙara nauyi, sai rufin ya rufto ba sallama. Tsohon ma'aikaci yakan kasa kunne ga ƙarar azara, yakan lura idan ƙasa ta fara zubowa, ya janye yaransa. A sababbin gidaje kuwa matsalar ƙarfe ce. Tsoron ɓarayi da 'yan bindiga ya sa kowa ya sa ƙofar ƙarfe mai sakata uku, ya dasa ƙarafuna a kowace taga. Ba wanda zai zargi mai gida a kan haka a wannan zamani. Amma abin da ya hana ɓarawo shiga shi ne zai hana iyali fita, kuma mintunan da ake ɓatawa wajen yanke ƙarfe su ne mintunan da hayaƙi ke aikinsa. Da magina za su saba barin taga ɗaya a kowane gida mai ƙarfen da ake buɗewa daga ciki, makullinta a rataye kusa, da an ceci rayuka masu yawa.

Kasuwa ita ce babbar jarrabawa. Shaguna a jere, rufi ɗaya, sararin da ke tsakanin silin da kwano a buɗe daga farkon layi zuwa ƙarshensa, wuta na bi ta nan ta ɓullo a shago na goma alhali ana fama da na biyu. Hanyoyin da aka bari don mota kuma an cike su da tebura da rumfuna. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris 2016, inda dubban shaguna suka ƙone, da babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, da babbar kasuwar Katsina ranar 22 ga Maris 2021. A irin wannan wuri, da ruwan minti goma a hannu, shugaban ayari kan yanke hukunci mai ɗaci: ya bar shagon da ya riga ya kama, ya juya mesa kan wanda bai kama ba, ko ya sa a ɓalle rufi a tsakiyar layi don a yanke wa wutar hanya. Mai shagon da ke ci zai riƙe masa riga yana cewa ga wuta can kuna jiƙa inda babu wuta. Dabarar nan kuwa ita ce dai ta mai ture dannin maƙwabci, kayan aiki ne kawai suka canza.

Fetur kuma ba ya jin ruwa. Ya fi ruwa sauƙi, sai ya hau kansa ya bi shi duk inda ya gangara, yana ci. Kumfa ake sa masa ta lulluɓe shi ta raba shi da iska, ko hodar kashe wuta, ko yashi idan kaɗan ne. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana taruwa a kwata da rami, har ya iske tartsatsi a nesa. Abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda tankar mai ta faɗi mutane suka taru ɗiba, sama da mutum 150 suka rasu, da na mahaɗar Dikko a Jihar Neja a Janairun 2025, ya isa ya sa duk mai zaune a bakin hanyar da tanka ke bi ya san cewa aikin farko a wurin shi ne korar jama'a nesa. Haka tukunyar gas da wuta ke lasa: daga bayan katanga ake sanyaya ta, ba a tsayawa kanta. A kicin ma ƙa'idar ɗaya ce. Idan man suya ya kama a kasko, a kashe risho a rufe da murfi ko jiƙaƙƙen buhu da aka matse. Kofi ɗaya na ruwa zai tashi da man har silin.

Yanzu ga ɓangaren da ya sa na ɗauki alƙalami, wato jikin shi ma'aikacin. Mutane na zaton harshen wuta ne babban abokin gabarsa. Hayaƙi ne. A cikinsa akwai iskar kabon-monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, sai ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum alhali yana ganin ƙofa. Katifar soso idan tana ci tana fitar da gubar sayanayid. Bututun roba da rigar wayar lantarki suna fitar da iska mai ƙona maƙogwaro da huhu. Jiƙaƙƙen hankici ko takunkumin asibiti na iya tare toka, amma ba ya tare ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke tare su shi ne tukunyar iska da ake goyawa a baya haɗe da abin rufe fuska. Wadda aka rubuta wa minti 30, mai aiki tuƙuru yana haki zai shanye ta cikin minti 15 zuwa 20, sannan sai an sami injin da zai sake cika ta. Ba kowane ma'aikaci a ƙananan garuruwa ke samun tasa ba, kuma inda babu, da huhunsa yake shiga.

Lokacin da ya fi cutarwa ma ba shi ne wanda ake zato ba. Bayan an ci ƙarfin wuta, jama'a sun fara watsewa, sai a shiga tonon tarkace ana neman garwashin da ya ɓuya a cikin katifa ko buhu. A nan ne mai abin rufe fuska ma yake cire shi don ya gaji, a nan ne kuma tarkacen ke ta fitar da guba a hankali. Idan tsohon gini ne mai silin asbestos, wanda ya cika makarantu da ofisoshi da gidajen gwamnati na da, farfashewarsa na sakin ƙura mai siririn zare da ke maƙalewa a huhu, cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru ashirin ko fiye. A 2022 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a Liyon ta Faransa, ta sanya aikin kashe gobara a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta mafitsara da ta rufin huhu.

Baƙin da ke manne a rigar aiki shi ma guba ne, kuma fata na shan sa, balle inda gumi ya jiƙa: wuya, haɓa, hannu. Akwai masu ɗaukar baƙar riga da hular kwano mai toka a matsayin shaidar ƙwarewa. Gara a bar wannan tunani. Abin da ya dace shi ne a wanke wuya da fuska da hannu da sabulu tun a wurin, kafin a taɓa abinci ko goro, a yi wanka da an koma, rigar kuma a wanke ta a wurin aiki. Ma'aikacin da ya ƙulle ta a bayan babur ya kai gida, uwargida ta haɗa ta da kayan yara a baho ɗaya, ya raba wa iyalinsa abin da ya ɗebo. Sai dai mai riga ɗaya tak ba zai iya wanke ta ya jira ta bushe ba alhali ana iya kira kowane lokaci. Shi ya sa riga ta biyu ba ado ba ce.

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare, ta miƙa wa wanda ya shaƙi hayaƙi gwangwanin madara ko manja. Niyyar kirki ce, amma madara ciki take zuwa, gubar kuwa tana jini da huhu. Abin da yake buƙata iska ce mai kyau, da oksijin a asibiti, kuma ko ya ce ya warware a kai shi a duba, domin kumburin maƙogwaro kan taso bayan sa'o'i. Ƙuna ma haka: ba ƙwai, ba man goge baki, ba gishiri. A zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na tsawon minti 20, a cire zobe da agogo tun wurin bai kumbura ba, a rufe da tsabtataccen ƙyalle.

Sai zuciya. Wani bincike da masana na Jami'ar Harvard suka wallafa a 2007 ya nuna cewa kusan kashi 45 cikin 100 na ma'aikatan kashe gobara da ke mutuwa a bakin aiki a Amurka, ciwon zuciya ne ke kashe su. Dalilin a fili yake. Mutum na zaune ko yana barci, ƙararrawa ta kaɗa, cikin 'yan mintuna yana jan mesa cike da ruwa, sanye da kayan da suka haura kilo 20, rigar kuma an yi ta ne don ta hana zafi shiga, don haka ba ta barin na jiki ya fita. To a ɗora wannan a kan bazarar Katsina, watan Afrilu, zafi digiri 40 a inuwa, wani lokacin ma da azumi a baki. Gumi na zuba, jini na yin kauri, zuciya na bugawa iyakar ƙarfinta. Mai hawan jinin da bai san yana da shi ba, a nan yake faɗuwa. Shugaba nagari yakan fitar da yaransa bi da bi, su zauna a inuwa, su buɗe riga, su sha ruwa, ko da jama'a na ganin zaman a matsayin lalaci. Malamai kuma sun yi bayani cewa wanda ceton rai ya tilasta masa karya azumi, ya sha ya rama daga baya.

Akwai kuma abin da ba a gani a awo. Wani ne ya shiga ya ɗauko gawarwakin yaran nan sama da 25 da suka ƙone a azuzuwan zana a Maraɗi a Nuwamban 2021. Wani ne ya tattara almajirai 17 da gobara ta kashe a Ƙauran Namoda a Fabrairun 2025. Mai irin wannan aiki yakan koma gida ya kasa cin abinci, ya kasa barci, ƙaurin nama a tukuba ya tayar masa da hankali. Mukan ce masa ya yi haƙuri, namiji ne, ƙaddara ce. Haƙuri da addu'a suna da babban matsayi, amma zama da abokan aiki a yi maganar abin da aka gani, da ganin likita idan rashin barcin ya daɗe, ba su rage wa kowa imani ko mazantaka.

Ba wuta kaɗai ake kiransu ba. A ƙasar Hausa babban kaso na aikinsu rijiya ce da kududdufi da masai: yaro ya faɗa, akuya ta faɗa, mai yasar rijiya ya sauka bai amsa kira ba. A nan ma gaggawa ke kisa. Ƙasan tsohuwar rijiya kan rasa iskar numfashi, musamman idan an saukar da injin jan ruwa mai amfani da fetur a ciki. Na farko ya sume, ɗan'uwansa ya bi shi ya sume, na uku ya bi, a fitar da gawa uku a maimakon ɗaya. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai hana kowa sauka, ya sa a kashe injin, a tura iska ƙasa, ya ɗaura igiya a ƙirji da cinya, wata igiyar daban don wanda za a ɗauko, mutane na riƙe da shi a sama, an kuma yi yarjejeniyar jan igiya sau nawa ke nufin a fito da shi. Uwar yaro na kuka tana cewa ku yi sauri don Allah, shi kuma dole ya gama ɗaurin nan daidai.

Sana'ar ta daɗe a ƙasar nan. A Legas aka fara ta a 1901 ƙarƙashin 'yan sanda, dokar 1963 ta ba hukumar tarayya gashin kanta, yau tana da makarantar horo a Sheda kusa da Abuja, jihohi kuma kowace da tata hukumar. Abin da ya rage shi ne a kula da mutanen da ke cikin rigar. Awon jini da na suga da na huhu sau ɗaya a shekara ga kowane ma'aikaci abu ne da Babban Asibitin Dutsin-Ma ko asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina za su iya, idan hukuma ta tsara ta biya, a kuma ci gaba da yi wa wanda ya yi ritaya, tunda cututtukan wannan aiki a makare suke zuwa. Tukunyar iska da injin cika ta su zo tare da kowace sabuwar mota, kada a sayi mota a bar su.

Mu ma akwai namu. Lambar ofishin kashe gobara mafi kusa, da 112 ta gaggawa, a rubuta su a bangon masallaci da ƙofar makarantar allo da ɗakunan ɗalibai, a kuma kira tun wuta na ƙarama, a faɗi unguwa da alamar da direba zai gane, a tura yaro a babur ya tarye su a bakin titi. Masu unguwanni da dagatai, ƙarƙashin Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina a Kurfi, suna da bakin da za su hana jifa su buɗe wa mota hanya. 'Yan kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma da na Kurfi kuwa, kuɗin da ake tarawa na jaje bayan gobara ɗaya ya isa a gina tankin ruwa na ƙasa mai cin lita 30,000 ko fiye a bakin kasuwa, wanda zai cika motar lita 5,000 sau shida ba tare da ta bar wurin ba. In za a gina, a kira 'yan kwana-kwana su nuna inda mota za ta iya tsayawa ta juya, su kuma ba mai walda awon bakin mesarsu kafin ya haɗa bututun.